Gidan da Babu Kome Sai Ɗan Mai a Tulu

Ina fata kun ga ƙarshen wata lafiya, ko da yake na san a gidaje da yawa kuɗi kan ƙare tun wata bai raba ba.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa tela ya ja ni bayan majami'a. Ya yarda in kawo zancensa a nan muddin ban faɗi sunansa ba. Mai gidan da yake haya ya ce ya kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule ko ya kwashe kayansa, abin da ke hannunsa kuwa bai kai na wata biyar ba. Sai ya ji wani mai wa'azi a rediyo yana cewa duk mai matsala ya aiko da abin da yake da shi a matsayin "iri", cikin kwana bakwai Allah zai mayar masa ninki ɗari. Ya dube ni ya ce, "Malam, in na ƙi aikawa, rashin bangaskiya ke nan?" A tsaye ban ba shi amsar kirki ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko dai, kada kowa ya ce wa ɗan'uwan nan wahalarsa alamar zunubi ce. Dukanmu mun ga abin da ya sami ƙasar nan. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, har a farkon 2023 tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Ankara saboda ajiyarsu. A watan Mayu na 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Lissafi ya sauka daga baya, amma olonkar masara ba ta koma farashinta na da ba. Mai tsoron Allah da marar tsoron Allah kasuwa ɗaya suke shiga.

Ba yau aka fara ba kuma. Mahaifiyata takan ba mu labarin 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, ana kiransu sarƙar Rawlings. Ina goye a lokacin. Takan ce ba ta taɓa ganin buhu ya faɗo daga sama ba, amma ba a yi kwana biyu a jere tukunyarta ba ta hau wuta ba, domin matan gidan haya sun haɗa murhu ɗaya, mai garin rogo ta kawo, mai kuka ta kawo.

Ni ma na ɗanɗana nawa. Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni wani ƙauye, na yi wata takwas ina koyarwa albashi bai fito ba. Kowane dare ina roƙon Allah ya sa takarduna su motsa. Abin da ya zo kuwa shi ne wata Hajiya mai koko da ƙosai a bakin makaranta. Ta lura na daina tsayawa wurinta, ta aiko yaro ya kira ni, ta ce, "Malam, yunwa ba ta koyar da yara. Ka riƙa sha, ranar da gwamnati ta tuna da kai ka tuna da ni." Ba addininmu ɗaya ba, amma ta hannunta Allah ya ciyar da ni. Na daɗe ban gane amsar addu'ata ce ba, domin ambulan nake jira.

To, mu buɗe Littafi Mai Tsarki, littafin Sarakuna na biyu, sura 4. Wata gwauruwa ta zo wurin annabi Elisha, mijinta ya mutu ya bar bashi, mai bin bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ku lura da abin da annabi ya yi. Bai karɓi ko anini daga hannunta ba. Ya tambaye ta abin da ya rage a gidanta, ta ce ɗan mai ne kawai. Ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tuluna da yawa, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, ta yi ta zubawa har tuluna suka ƙare. Sa'an nan ya umarce ta ta sayar da man, ta biya bashinta, su ci saura.

Matar nan ta buɗe baki ta faɗi halin da take ciki, alhali mu kunya ke kashe mu. Magidanci zai sa babbar riga ya zo sujada yana murmushi, ko matarsa ba ta san ana binsa bashi ba. Ta kuma ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta, da ba ta zauna lafiya da su ba da wa zai ba ta aron tulu? Bugu da ƙari, bayan mu'ujiza sai da ta ɗauki mai ta kai kasuwa, kuma mai bin bashi aka fara sallama. Ga tela, ɗan man da ke cikin tulu shi ne kekensa na ɗinki da hannuwansa. Wanda ya ce masa ya kwashe kuɗin haya ya aika wa baƙo a rediyo ya juya labarin nan a kai.

Ban hana kowa bayarwa ba. Ni ma ina fitar da zakka da baiko, a wata mai daɗi da marar daɗi. Amma baiko godiya ce, wanda ya mai da shi ciniki da Allah kuwa caca yake yi. Zuciyar da ke son ninki ɗari cikin mako ita ce ta kai mutane da yawa wurin masu alkawarin riba mai tsoka kowane wata. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da rance 347, akwai gidaje a zangonmu da suka yi kuka a lokacin. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da.

Wani zai ce, ashe Yesu bai hana mu damuwa da gobe ba a Matiyu sura 6? Ya hana, gaskiya ne. Damuwa ya hana, wato wannan juye-juyen dare da ba ya ƙara ko kwabo a aljihu. Allahn da ya ba Isra'ilawa manna ta yini guda-guda a jeji, shi ne ya ba Yusufu hikimar ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar har shekara bakwai. Saboda haka mai zuba susu bai raina Allah ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiran wannan dogara tawakkali, su ma sun san ba a yinsa da naɗe hannu.

Sauran magana ta dattawan ikilisiya da zumuntar mata ce. Idan mutum ya daina zuwa sujada, kafin a ce ya ja da baya a bincika ko kuɗin mota ne ya gagare shi. Akwatin taimakon gwauraye da marayu bai kamata ya jira sai an gama ginin majami'a ba.

Game da tela kuwa, bai aika da kuɗin ba. Ya zauna ya gaya wa matarsa gaskiya, dattawa biyu suka raka shi wurin mai gida, suka tuna masa da ladabi cewa dokar haya ta ƙasar nan ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida a gaba ba. Mai gida ya yarda da wata shida. Har yanzu da sauran ciko, kwanaki kuma suna tafiya. Iyayen da za su ɗinka wa yara kayan makaranta, ku tuna da telolin unguwarku, ku kuma biya su a kan lokaci. Ku sa shi cikin addu'a.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai.