Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Zancenmu na wannan mako a kan tafiyar jirgin sama ne, saboda iyayenmu masu niyyar sauke farali.

Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Jidda, nisan ya kai wajen kilomita 3,400, watau kamar mil 2,100. Jirgin alhazai kuwa yakan ci wajen kilomita 800 cikin awa ɗaya. In kun raba, kuka ƙara ɗan lokacin tashi da na sauka, za ku sami awa huɗu da rabi zuwa biyar. Ku gwada wannan da tafiyarmu ta gida. Daga Falgore zuwa birnin Kano wajen kilomita 150 ne kacal, amma mota takan ci kusan awa uku ta Tudun Wada da Kwanar Ɗangora. Kakanninmu kuwa da ƙafa suka bi ta Barno da Cadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya. Waɗansu sai da suka yi shekaru, waɗansu ma can Sudan suka zauna. Jirgin sama bai fara sauka a Kano ba sai 1925.

To, ga wurin da akan ruɗe. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, takardar jirgi kuwa agogon kowane gari take rubutawa. Misali, Inna ta tashi Kano ƙarfe 10 na dare, ta yi awa biyar a sama. Sa'ad da ta sauka ƙarfe 3 ne a nan, amma a Jidda ƙarfe 5 na asuba. Mai duba takarda sai ta ce awa bakwai aka yi. A komowa kuma, in ta tashi ƙarfe 10 na safe, ƙarfe 1 na rana za ta iso Kano, sai a zaci awa uku ne. Tafiyar ɗaya ce, agogo ne ya bambanta. Takan ƙaru dai in an yi zagaye, kamar a 2023 da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan.

Ina amfanin wannan lissafi? Tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini tana da lokacin shan magani. In ba a gaya mata agogo zai sāke ba, sai ta rikita lokacin. Ku kai ta wurin likita kafin tafiya ya tsara mata, maganin kuma ya zauna cikin jakar hannu, kada ya bi babban kaya. Waɗansu kuma sukan ƙi shan ruwa don kunyar tambayar makewayi. Awa biyar ba ruwa, bayan jiran filin jirgi, ba ƙaramar wahala ba ce. Ku gaya mata akwai makewayi a cikin jirgin, ta sha ruwa, ta riƙa motsa ƙafafunta don kada su kumbura.

Ke da Allah ya ba ilmi, ki zauna da Inna ki yi mata wannan lissafi dalla-dalla tun tana gida. Allah ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.