Kafin Ka Zuba Kuɗin Semista A Kan Kayan Kiɗa, Karanta Wannan

'Yan uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka bar hostel suka kama ɗaki a Kuchigoro da kewayenta, 'yan Baze ne ko 'yan Nile ko masu zuwa daga nesa. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Duk farkon semista labarin ɗaya ne. Mutum ya kama ɗaki, ya sa katifa da labule, sai ya ce saura kayan kiɗa. Ya shiga Banex ko Kasuwar Wuse, a nuna masa wani saiti mai lasifika biyar da fitilu ja da shuɗi suna walƙiya, an rubuta 5000W a jikin kwali. Ya biya, ya ɗauko. Kafin jarrabawa lasifika biyu sun yi shiru, ta uku tana ƙara kamar an taka kaza. Kuɗin da Baba ya turo na abinci ne fa ya tafi.

Ra'ayina a taƙaice: in dai sauraron waƙa kake so a ɗakinka, ba taron biki za ka haɗa ba, to ƙaramar amfilifaya mai tashoshi biyu, hagu da dama, tare da lasifika biyu masu kyau, ta fi maka wannan tarkacen sau goma. Bari in kawo hujjata.

Da farko, mece ce ita? Wayarka ko laftof ɗinka suna fitar da sauti mai rauni, wanda ba zai iya motsa babbar lasifika ba. Aikin amfilifaya shi ne ta ƙara masa ƙarfi. Wadda nake magana a kai ita ce haɗaɗɗiya, wato akwati ɗaya da ya haɗa ɓangarori biyu: ɓangaren da ke zaɓar inda sauti zai shigo yana kuma ƙara murya ko ragewa, da ɓangaren da ke tura ƙarfin zuwa lasifika. Ba fitila, ba rawa. Amfaninta shi ne komai a rabe yake. Lasifika ta lalace, ka canza lasifika. Ka samu kuɗi baɗi, ka sayi wadda ta fi, amfilifayarka na nan. Saitin kwali kuwa, allon ciki ɗaya ya ƙone, an gama da kai.

Yanzu maganar wat, wadda a nan ake cin kuɗin mutane. Ka lissafa da kanka. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma filogin nan mai ƙafa uku fis ɗinsa ba ya wuce amfiya 13. Ka ninka, za ka samu kusan wat 3000. Iyakar abin da soket ɗinka zai iya bayarwa ke nan. To ta yaya akwatin roba da za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya zai fitar da wat 5000? Juya bayansa ka karanta ƙaramar takardar da ke kusa da wayar wuta. Sau da yawa za ka ga abin da yake ja daga bango bai kai wat 100 ba. Wanda ya ci loma ɗaya ba zai yi aman tukunya ba.

Sirrin yana cikin haruffa huɗu da ake maƙalawa a gefen lambar: PMPO. Wannan ma'auni ne da ba shi da ƙa'ida ɗaya, kowane kamfani yadda ya ga dama yake ƙirga shi. Abin da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a kai a kai ba tare da ta shaƙe ba, kuma a faɗa maka na kowace tasha. Wannan wasa da lambobi tsoho ne, har ya sa hukumar kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 cewa dole masu sayar da amfilifaya su bayyana ƙarfin gaske mai ɗorewa. Mu nan ba mai tsaya maka, idonka ne hukumarka.

Sai ka ce to wat nawa nake bukata? Kaɗan ƙwarai. Lasifikar gida ta matsakaici, in ka ba ta wat 1 kacal, za ta fitar da ƙara kusan desibel 86 zuwa 89 a tazarar mita ɗaya. Wat ɗaya fa! Kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ruɓanya. Saboda haka bambancin mai wat 40 da mai wat 60 bai kai yadda mai shago zai rantse maka ba. A ɗakin ɗalibi mai mita uku da huɗu, wat 30 zuwa 60 na gaske a kowace tasha ya isa har ya yi yawa.

Misali daga kamfanonin da aka sani: Denon PMA-600NE wat 45 take bayarwa a kowace tasha, Yamaha A-S301 kuma wat 60. NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda tana cikin amfilifayoyin da aka fi saya a tarihi, wat 20 aka rubuta mata. Ba cewa nake ka je ka sayi waɗannan ba, na san yadda dala ta mayar da farashi. So nake ka lura: masu yin abin kirki ba sa jin kunyar rubuta ƙaramar lamba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abu na biyu shi ne irin waƙar da muke ji. Waƙar Hausa a murya take zaune. Wanda ya kunna Shata ko Ɗanƙwairo kalmomi yake bi, da yadda 'yan amshi ke karɓa, da maganar kalangu ko kotso. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce, in sautin tsakiya bai fita tas ba, ka rasa komai. Ko na zamani, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, baiti ne ke riƙe mai sauraro. Saitin kwali kuwa don dum-dum aka ƙera shi: babban akwati ɗaya yana girgiza taga, sauran 'yan ƙananan suna tsiwa, tsakiyar da murya take an bar ta fanko. Shi ya sa kake ƙara murya don ka ji baiti, maƙwabci kuma yana jin gidansa na rawa. Ko Afrobeats ɗin da kake so, bes mai tsafta da kake iya bin kowane bugu ya fi gurnani daɗi.

Don haka ka raba kuɗinka da hankali. Kaso mafi tsoka ya tafi kan lasifika, domin su ne bakin da ke magana. Ka duba bayansu, za ka ga lamba da alamar Ω, yawanci 8 ko 6 ko 4. Ka duba bayan amfilifaya ka tabbatar ta yarda da wannan lambar. Kuma don Allah a daina ɗaura lasifika huɗu a baki ɗaya. Biyu masu 8 in ka haɗa su a wuri guda sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, na'urar ta yi ta zafi har ta mutu. Jan waya a ja, baƙi a baƙi, in ka juya ɗaya bes zai gudu. Sannan in ka murɗa har sauti ya fara tsagewa, rage nan take. Wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar lasifikar sama, ko da amfilifayar ƙarama ce. In ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Abu na uku, wanda masu sharhi na Turai ba za su taɓa gaya maka ba: wutar NEPA. Yawancinmu tokumbo za mu saya, kuma ba laifi, tsohuwar amfilifayar Japan mai lafiya ta fi sabon kwali nesa ba kusa ba. Amma karanta bayanta kafin ka ciro kuɗi. Ta Amurka bolt 120 take ci, ta cikin gidan Japan bolt 100. Ka soka ta kai tsaye a 230, hayaƙi za ka gani kafin ka ji waƙa. Ko dai ka nemi mai 220 zuwa 240, irin ta Ingila da Turai, ko ka haɗa da tiransifoma mai rage wuta. Sitabilaiza mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta ba ado ba ce, domin lokacin da aka dawo da wuta ne kaya suka fi ƙonewa. An ɗauke, cire filogi. Hadari ya taso da tsawa, cire filogi.

In kuma da inbata ko ƙaramin sola kake rayuwa, ka san cewa iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsohon salo, ajin AB, masu nauyi da babbar tiransifoma a ciki, suna zafi, suna shan wuta ko da waƙar a hankali take. Akwai ajin D, 'yan ƙanana kamar littafi, waɗanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ja ke isa ga lasifika. Ga ɗalibin da ke lissafin yunit a mita, ko mai tattalin batir don ya yi karatu da dare, ni ajin D zan ce ya duba. Kuma tsohon salon yakan yi gunji a kan inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi. Kowacce ka saya, kar ka jibga mata handawut a kai, ramukan nan na shan iska ne. Zafin Maris na Abuja da ƙurar hunturu sun ishe ta.

Ranar saye, je da wayarka da waƙar da ka haddace, kar ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa. A nan ji ne ya kori gani. Saurari hagu ita kaɗai, sannan dama ita kaɗai. Murɗa maɓallin murya a hankali ka ji ko yana ƙaiƙayi. Tsayar da waƙar ka kasa kunne, in akwai gunji, akwai matsala. Bar ta ta yi minti goma sha biyar tana aiki, ka taɓa, ka shinshina. Ka ƙirga ƙofofin shigar sauti, in ba ta da Bluetooth ba abin damuwa ba ne, ana sayar da ɗan ƙaramin mai karɓa daban. Zagaya shago uku kafin ka yi ciniki, kuma a rubuta maka rasit da sharaɗin maidowa. Ka tuna kuma, amfilifaya mai gaskiya ba ta rufa asirin fayil mara kyau. Waƙar da ta bi ta waya goma kafin ta iso gare ka, haka za ta fito da rauninta.

Na san wani zai ce, malam duk wannan wahala ce, ƙaramar lasifikar Bluetooth mai caji ta wadatar, ba ruwanta da NEPA. Gaskiyarka, in kana hostel, ko kana canza ɗaki duk shekara, ita ko abin kunne mai kyau sun fi maka, kuma ka duba dokar hostel ɗinku tukuna. Amma batir yana da shekarunsa, ranar da ya mutu yawanci abin ya zama shara. Amfilifaya da lasifika biyu kuwa za su bi ka bautar ƙasa, su bi ka gidan aurenka, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya buɗe tsohon salon ya gyara.

Saura abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'auninta shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, in ya kai 90 kuwa awa 4 ne kawai a makon gaba ɗaya. Ka koma kan lissafin wat ɗaya da na kawo a sama, za ka ga ba wuya ka wuce. Jijiyoyin cikin kunne in sun mutu ba sa tsirowa. In ka kashe kiɗa ka ji kunnenka na ƙara shi kaɗai, gargaɗi ne. Gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya abokin da ke zaune kusa da kai zai ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Sannan Kuchigoro ba harabar makaranta ba ce. Unguwa ce ta mutane. Bayan bangonka akwai mai jego, akwai ma'aikacin da zai fito titin filin jirgi tun asuba ya nemi mota, akwai iyalan da rikici ya koro daga Gwoza suka samu mafaka a yankin nan fiye da shekara goma. Bes ba ya jin bango, ratsawa yake. Mu baƙi ne na shekara huɗu, kuma abin da ɗalibi ɗaya ya yi da ƙarfe ɗayan dare, ɗalibin da zai zo neman ɗaki baɗi shi zai biya, ranar da mai gida ya ce ba ya ba ɗan makaranta haya. Daɗin kayan kirki shi ne suna fitar da komai ko a ƙasa-ƙasa. Ɗaga lasifikun su yi daidai da kunnenka, ka ɗan janye su daga bango, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakaninka da kowacce, ka shimfiɗa darduma. Za ka ji mawaƙi kamar yana tsaye a gabanka, na ɗakin gaba kuma yana barcinsa.

Wanda yake da gyara ko ƙari, musamman 'yan injiniyan lantarki, bismillah a ƙasa. Wanda kuma yake da aboki mai shirin shiga kasuwa a makon nan, ya tura masa kafin ya fita. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya bar mu da kunnuwanmu lafiya.