Ra'ayi: Darasin Randy Waldrum ga masu gaggawar korar koci

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Yelwa ko Wara ko Shanga ya san yadda shari'ar koci take. Da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi an riga an yanke hukunci. Idan an ci, 'yan wasa ne suka yi ƙoƙari. Idan an sha kashi, koci bai san aikinsa ba, a kore shi. Wannan ma'auni yana da daɗi a bakin masu musu, amma yana kashe kulob, musamman kulob ɗin da ya durƙushe yake neman wanda zai tashe shi. Labarin Randy Waldrum, Ba'amurken da ya horar da Super Falcons daga Oktoban 2020 zuwa Satumban 2024, ya isa misali.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne abin da mutum ya tarar. Falcons suna da suna, su ne suka fi kowa ɗaukar kofin Afirka na mata, amma gidan ya tsattsage. A 2019, bayan Jamus ta fitar da su daga gasar cin kofin duniya da ci 3-0, 'yan wasan sun ƙi fita daga otal a Faransa saboda bashin alawus da suke bi. A wannan shekarar koci Thomas Dennerby ya ajiye aiki, Kwaddebuwa kuma ta hana su tikitin Olamfik. Rabon tawagar da zuwa Olamfik tun 2008. Wannan ne gadon da aka miƙa wa Waldrum.

Da hukuncin gidan kallo za a bi, da an sallame shi tun Yulin 2022. A gasar Afirka da aka yi a Maroko, Afirka ta Kudu ta doke Najeriya 2-1 a wasan farko. A wasan kusa da na ƙarshe an bai wa Halimatu Ayinde da Rasheedat Ajibade jan kati, mutum tara suka riƙe masu masauki har ƙarshen ƙarin lokaci, sannan suka faɗi a bugun fenariti. Zambiya ta ƙwace na uku, Falcons suka dawo gida a matsayi na huɗu. Kiraye-kirayen a kore shi sun cika gari a lokacin.

Shekara guda bayan nan, wannan tawagar ta je gasar duniya ta 2023. Ta yi canjaras ba ci da Kanada, wadda ke riƙe da zinaren Olamfik a lokacin, ta doke Ostireliya mai masaukin baƙi 3-2, ta yi canjaras da Ailan. Ingila, zakarar Turai, ta kasa zura mata ƙwallo cikin minti 120, sai a fenariti ta tsallake. A 2024 kuma Falcons suka fitar da Afirka ta Kudu suka koma Olamfik bayan shekara 16.

Masu sukarsa ma suna da hujja, kuma bai dace a share ta ba. Waldrum ya riƙe aikin Najeriya ne tare da aikinsa na horar da matan Jami'ar Pittsburgh, don haka ba ya zaune a ƙasar balle ya zagaya filayen gasar mata ta cikin gida. Salonsa na tsare gida ne, cin ƙwallo ya yi ƙaranci: ƙwallo uku a wasa huɗu na gasar duniya, dukkansu a rana ɗaya. A Olamfik ta Faris an doke tawagarsa a duka wasanni uku, a hannun Brazil da Sifaniya da Japan, da ƙwallo ɗaya tak a ragar abokan hamayya. Ya kuma fito bainar jama'a ya soki hukumar NFF kan albashi da shirye-shirye ana gab da gasar duniya, abin da ya ƙara dagula sansani ko da ƙorafin nasa na da tushe. Ya tafi bai ɗauki babban kofi ko ɗaya ba.

To amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya bari. Ranar 26 ga Yulin 2025, a Rabat, Maroko tana gaba da ci 2-0 aka tafi hutu, Falcons suka farke suka ci 3-2, kofin Afirka na goma. Justine Madugu, wanda ya yi wa Waldrum mataimaki, shi ne ya jagoranci nasarar, kuma yabon da ya samu haƙƙinsa ne, domin ya saki tawagar ta kai hari fiye da da. Sai dai a duba sunayen: Michelle Alozie da ta ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu, Esther Okoronkwo da ta fara farkewa a wasan ƙarshe, Jennifer Echegini da ta ci ta nasara, da Ashleigh Plumptre a baya. Dukkansu a zamanin Waldrum suka fara saka rigar babbar tawagar. Manomin albasa a bakin tafkin Kainji ya san wanda ya gyara fadama ya yi dashe yana da kaso a buhun da aka kai kasuwa, ko da wani ne ya yi cira.

A ƙasar su Waldrum ma akwai irin wannan misali a wasan ƙwallon zari-ruga na Amurka. Dan Campbell ya karɓi Detroit Lions a 2021, ya ci wasa 3 kacal cikin 17. Masu kulob suka yi haƙuri da shi. Shekara ta biyu ya ci 9, ta uku 12, ta huɗu 15.

A nan gida kuwa haƙurin ne ya yi ƙaranci. Kano Pillars, mai kofin firimiya huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022. Evans Ogenyi ya dawo da ita a 2023, amma Abdu Maikaba ne ya fara kakar da ta biyo baya, sannan Usman Abdallah ya karɓa a 2024. Kowane sabon koci yana zuwa da nasa 'yan wasan da nasa tsarin, kulob ya sake biyan kuɗin sayen 'yan wasa, ginin ya koma tushe. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kulob-kulob ɗin Arewa kullum a bakin ƙofa suke neman wuƙa.

Saboda haka masu riƙe da ƙungiyoyi, daga Kebbi United har zuwa kulob ɗin unguwa a Yauri da attajiri ɗaya ke saya wa riguna, ya kamata su rubuta sharuɗɗa kafin su ɗauki koci. Su faɗi halin da ya tarar da kulob, su ba shi aƙalla kaka biyu, su biya shi da 'yan wasansa a kan lokaci. Idan wa'adi ya cika, sai a zauna a ƙidaya: ƙwallayen da ake zura wa kulob sun ragu, yara nawa ya fito da su daga ƙasa, tawagar tana iya riƙe wasa a waje? Kocin da ya gaza a waɗannan bayan an cika masa alkawari, a sallame shi babu kunya. Wanda kuma ake bin albashin wata da watanni, shugabannin kulob ne ya kamata su fara amsa tambayoyi kafin shi.