Mutuwar da Aka Yi wa Kwaskwarima: Darasin Sabunta Final Fantasy VII

A ranar 31 ga Janairun 1997 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da Final Fantasy VII a kan na'urar PlayStation, cikin faifai uku. Wasa ne daga nau'in da ake kira RPG, inda mai wasa ke shiga rigar jarumin labari, ya yi doguwar tafiya da shi yana ƙara masa ƙarfi da abokan gwagwarmaya. Wannan wasa ne ya buɗe wa ire-irensa na Japan kasuwannin Amurka da Turai. Bayan shekara 23, a Afrilun 2020, kamfanin, wanda ya koma Square Enix tun 2003, ya fitar da kashin farko na sabuwar sigar wasan mai suna Remake. Na biyu, Rebirth, ya biyo baya a Fabrairun 2024. Aikin ya cancanci yabo, amma ya taɓa jigon da tsohon wasan ya tsayu a kansa, kuma a nan ne ya kamata a auna shi.

Labarin ya soma ne a birnin Midgar, inda masu hali ke zaune a saman wani makeken faranti na ƙarfe, talakawa kuwa suna ƙarƙashinsa, inda rana ba ta leƙawa. Kamfanin Shinra, wanda ya zame wa birnin gwamnati, yana zuƙe mako, wato ruhin duniya, yana mayar da shi wutar lantarki. Jarumin labarin, Cloud Strife, sojan haya ne da ya shiga ƙungiyar Avalanche mai dasa bama-bamai a tashoshin makamashin kamfanin.

Abin da aka yi daidai

Yoshinori Kitase, wanda ya ba da umarni a wasan 1997 kuma ya zama furodusan sabon, tare da Tetsuya Nomura da marubucin labarin Kazushige Nojima, sun ƙi su tsaya ga yi wa tsohon gini sabon fenti. Wannan shawara ce mai kyau. Abin da masoya wasan ke kewa ya haɗa da ƙuruciyarsu, kuma babu fasahar da za ta dawo musu da ita. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.

Zaman Midgar, wanda a da bai wuce 'yan sa'o'in farko na wasan ba, an faɗaɗa shi ya zama cikakken wasa na sama da sa'a talatin. Jessie da Biggs da Wedge, 'yan Avalanche da a da ake wucewa ta kansu da sauri, yanzu suna da fuska da murya da dangi. Mai wasa yana raka Jessie unguwarsu, ya ga mahaifinta kwance cikin doguwar suma sakamakon gubar mako. Saboda haka ranar da Shinra ta ruguzo farantin a kan unguwar talakawa ta bakwai, asarar tana da sunaye. Tsarin faɗa ma an sake shi: an haɗa sara da gudu na nan take da tsohuwar dabarar jiran ma'aunin lokaci ya cika kafin a zaɓi sihiri ko magani.

Inda aka sassauta

A tsohon wasan, bom ɗin Avalanche ya hallaka bayin Allah, kuma labarin bai wanke ƙungiyar ba. Can gaba wani abokin tafiya ya tuhumi shugabanta, Barret, kan waɗannan rayuka. A Remake kuwa an nuna cewa shugabannin Shinra ne da kansu suka ƙarasa tarwatsa tashar domin su shafa wa ƙungiyar kashin kaji. Da wannan sauyi ɗaya aka sauke wa jarumai rabin nauyin laifinsu, tambayar ko manufa mai kyau tana halatta zubar da jini ta rasa kaifinta.

Sannan aka shigo da wasu halittu masu kama da fatalwa, Whispers, waɗanda aikinsu shi ne tilasta wa al'amura su bi hanyar da suka bi a 1997. A ƙarshen Remake jarumai suka yaƙe su suka yi nasara, alƙalamin da ya bushe ya sake jiƙa. Aka ga Biggs da rai. Aka ga Zack, abokin Cloud wanda mutuwarsa ce tushen ruɗewar tunanin jarumin, ya tsira a wata duniyar ta daban.

Babbar jarabawar ita ce Aerith, mai sayar da furanni. A ƙarshen faifan farko na tsohon wasan Sephiroth ya soke ta da takobi, ta tafi ba dawowa. A wasan da ake tayar da wanda ya faɗi a fagen fama da gashin tsuntsu guda, wannan mutuwa ba ta da magani. Shekaru aka yi ana yaɗa jita-jitar wata ɓoyayyiyar hanyar dawo da ita, alhali babu. Rashin hanyar shi ne darasin. A Rebirth kuwa an nuna Cloud ya kare takobin, an kuma nuna jini. Abokansa suna makoki, shi yana ci gaba da ganinta yana hira da ita. Mai wasa ya tashi da ruɗani a daidai inda ya kamata ya tashi da baƙin ciki.

Hujjar masu kare sauyin

Suna da magana mai ƙarfi. Mutuwar da kowa ya san tana tafe ba ta girgiza kowa, don haka sai an dasa shakka kafin tsoro ya dawo. Suna kuma cewa abin da Cloud ke gani ƙin yarda ne irin na wanda rashi ya gigita, madubi ga masoyan da suka kasa haƙura tun 1997. Bugu da ƙari, tsohon wasan yana nan ana sayar da shi a na'urorin zamani, babu wanda ya ƙwace shi.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujjar tana aiki ne ga tsofaffin 'yan wasa kaɗai. Matashin da ya fara da Remake bai taɓa jin zafin rashin farko ba, ballantana a yi wasa da tunaninsa a kai. Kuma da zarar labari ya buɗe ƙofar duniyoyi barkatai, kowace mutuwa ta zama ta wucin gadi, domin mai kallo ya san akwai inda mamacin ke numfashi.

Mai sabunta tsohon aiki yana da 'yancin sauya hoto da sauti da tsarin faɗa, har da jerin aukuwar al'amura. Amanar da ke wuyansa ita ce farashin da labarin ya sa jarumansa suka biya. Hukuncin wannan aiki na shekaru yana hannun kashi na uku. Idan ya tilasta wa Cloud ya buɗe ido ya karɓi rashin Aerith, duk ruɗanin baya zai zama shimfiɗa mai ma'ana. Idan kuwa ya dawo da ita don faranta ran masu saye, to Square Enix ya gina Midgar mafi kyawu da aka taɓa gani, ya kuma cire dalilin da ya sa aka tuna da ita shekara da shekaru.