Sharhi: Ciwon Damuwa da Fargaba ga Mai Juna Biyu

Ciwon damuwa yana cikin larurorin da suka fi addabar mata masu juna biyu, kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Sau da yawa tare yake tafe da ciwon fargaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na masu ciki a duniya suna fama da larurar da ta shafi tunani, galibi damuwa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya kai kashi 15.6 lokacin goyon ciki, ya haura zuwa 19.8 bayan haihuwa.

Cututtukan biyu sun bambanta. Mai ciwon damuwa takan wuni cikin ƙunci, abin da ta saba jin daɗinsa ya fita mata a rai, ta riƙa ganin ba ta da wani amfani. Likitoci sukan kira shi ciwo idan ya ɗauki mako biyu ko fiye yana hana ta harkokinta. Ita kuwa fargaba faɗuwar gaba ce da ba ta yankewa: zuciya na bugawa, numfashi na sarƙewa, tunani ya ƙi barin tsoron naƙuda ko mutuwar abin da ke ciki. Idan suka haɗu, ciwon yakan fi tsanani, ya kuma fi wuyar warkewa.

Wahalar gane shi ita ce yana ɓuya a cikin laulayi. Kasala, rashin cin abinci da rikicewar barci duk abubuwa ne da aka saba gani ga mai ciki, shi ya sa in ta yi ƙorafi sai a ce mata laulayi ne, ta yi haƙuri zai wuce. Wani gidan ma iska ake zargi, ko sammu. Ga kuma kunyar cikin fari, wadda kan hana yarinya buɗe baki ko a gaban mahaifiyarta. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya maganin wannan ciwo.

Sauyin sinadaran jiki yana taka rawa, sai dai abubuwan da suka fi ƙara haɗarin a fili suke: taɓa yin ciwon a baya, ɓari ko rasa jariri, duka da cin zarafi a gidan aure, talauci, da rashin kulawar miji. Ciwon da aka bari ba magani yana da alaƙa da haihuwar bakwaini da jariri marar nauyi, kuma yakan zarce har cikin jego.

Gano shi ba ya buƙatar na'ura. Akwai ma'aunin Edinburgh, mai tambayoyi 10, wanda aka wallafa a 1987, kuma ma'aikaciyar jinya za ta iya amfani da shi cikin 'yan mintoci a wurin awo. Ana kuma duba jini, domin ƙarancinsa da ciwon maƙoƙo kan kawo alamu masu kama da waɗannan.

Matakin farko na magani shi ne zaman tattaunawa da wanda aka horar. A yankin Rawalpindi na Pakistan an gwada hakan ta hannun matan da ke aikin lafiya gida-gida, aka ga nasara, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin tsarin a 2015. Idan ciwon ya yi ƙarfi likita na iya rubuta magani irin su sertraline, bayan ya auna amfaninsa da illarsa. Wadda ta riga ta fara shan magani kada ta daina da kanta don ta samu ciki, kada kuma ta sayi ƙwayar barci a kemis.

Mai cikin da ta furta cewa ta gaji da rayuwa, ko tana tunanin cutar da kanta, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar awo.