Ra'ayinmu: Me Ya Sa "An Ce" Ta Fi Gaskiya Gudu?

A wannan fitowa muna so mu tsaya a kan wata tambaya da kowane dattijon ikkilisiya ya taɓa yi wa kansa. Me ya sa sanarwar da aka karanta sau uku a lokacin sujada ba ta kai kunnen rabin jama'a, amma maganar da aka raɗa a bakin ƙofar majami'a takan zagaye gari kafin a sauke tukunyar rana? Mukan amsa da cewa halin mutane ne. Amsar nan ba ta isa ba, domin mutanen da ake magana a kansu mu ne.

Da yawa daga cikinmu suna tune da asubahin 8 ga Agusta, 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, hankalin kowa a tashe. Cikin dare wayoyi suka yi ta ƙara, ɗan'uwa na tashin ɗan'uwa, ana cewa a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, kafin gari ya waye. Malamai sun yi, ma'aikatan gwamnati sun yi, wasu fastoci ma sun tashi iyalinsu sun yi. Jaridu sun ba da labarin mutum aƙalla 2 da suka mutu a Jihar Filato, wasu kimanin 20 kuma aka kwantar a asibiti saboda shan gishiri. Alhali kuwa cutar kanta, wadda ta kama mutum 20 ta kashe 8 a ƙasar nan kafin a ce ta ƙare ranar 20 ga Oktoba, a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta iso arewa ba. Waɗanda suka bugo mana waya a daren nan ba maƙiyanmu ba ne. Ƙauna ce ta tashe su. Darasi na fari ke nan: jita-jita ta fi shigowa ta bakin wanda muka amince da shi.

To, me ke sa mutum mai hankali ya karɓi irin wannan magana? Abu na farko shi ne lissafin da zuciya ke yi cikin gaggawa. Manomin da ya ji motsi cikin ciyawa yakan yi tsalle tun bai duba ba. In iska ce, ya yi asarar tsalle ɗaya. In kububuwa ce bai yi tsalle ba, ya yi asarar ransa. Saboda haka mugun labari ya fi kyakkyawa nauyi a kunnenmu, muna kuwa cewa gara a faɗa ko da ba gaskiya ba ne. Lissafin nan daidai ne a gona. Inda yake ɓacewa shi ne lokacin da tsallenmu ya sauka a kan sunan wani ko zaman lafiyar unguwa.

Abu na biyu, wasu masana halin ɗan Adam a jami'ar Harvard ta Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, sun bayyana shi a 1947 bayan nazarin jita-jitar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Suka ce jita-jita tana bukatar abu biyu a haɗe kafin ta yi ƙarfi: maganar ta shafi mutane ƙwarai, kuma babu tabbataccen bayani a kanta. In ɗaya ya rasa, ba ta tashi. Ba wanda ke yaɗa jita-jita a kan farashin raƙumi a ƙasar da bai sani ba, ba kuma wanda ke yaɗa ta a kan abin da kowa ya gani da idonsa. Amma a haɗa kuɗin ginin majami'a da dattawan da ba su ba da rahoto ba shekara biyu, sai ka ga ta toho kamar ciyawar damina.

Masanan nan sun kuma gwada yadda labari ke canjawa. Sukan nuna wa mutum ɗaya hoto, ya bayyana wa na biyu, na biyu ya gaya wa na uku, haka har ƙarshen layi. Kafin labarin ya wuce baki biyar ko shida, kusan kashi 70 cikin 100 na bayanansa sun zube. Ɗan abin da ya rage sai a kumbura shi, a kuma lanƙwasa shi ya dace da abin da mai faɗi ya riga ya yarda da shi. Ba lalle ne wani a layin ya yi niyyar ƙarya ba. "Ma'aji bai kawo takardun banki ba tukuna" takan zama "takardun sun ɓace", ta ƙare a "ma'aji ya cinye kuɗi", kowane mai faɗi kuwa yana iya rantsuwa cewa abin da ya ji ne ya faɗa.

Abu na uku shi ne maimaici. Tun 1977 bincike ya nuna cewa maganar da mutum ya ji sau da yawa takan zama masa kamar gaskiya, domin kunnensa ya saba da ita. Idan mata uku a zumuntar mata suka gaya maka abu ɗaya, za ka ce kana da shaidu uku, alhali duka ukun a bakin mutum ɗaya suka ji. Wayar hannu ta ninka wannan. A 2018 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka duba labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter, wanda yanzu ake kira X, suka ga labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Dalilin da suka bayar shi ne, ƙarya ta fi zuwa da sabon abu mai ban mamaki. Mu kuwa, mu faɗi gaskiya, muna jin daɗin zama na farko da ya kawo labari.

Wannan magana ta shafe mu fiye da sauran mutane. Mu 'yan tsiraru ne a garuruwan da muke zaune. A cikinmu akwai waɗanda suka kwana a barikin soja a Kaduna a 2000, da waɗanda suka bar gidajensu a Jos a 2001. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Abin da ya shafi ranmu yana da yawa, tabbataccen bayani kuwa kaɗan ne, wato sharuɗɗan nan biyu kullum a haɗe suke a wurinmu. Saboda haka ne ya wajaba mu fi kowa lura. Ƙararrawar ƙarya tana jawo mana hasara biyu. Tana ɓata tsakaninmu da maƙwabtan da muka yi shekaru muna ɗebo ruwa a rijiya ɗaya, waɗanda wasunsu suka ɓoye 'ya'yanmu a ɗakunansu a ranar wahala. Tana kuma gajiyar da kunnen jama'a, har ranar da gargaɗi na gaske ya zo a ce ai haka aka faɗa bara.

Akwai misali a Littafin Joshuwa sura 22 da ya kamata dattawa su riƙa komawa gare shi. Kabilun da ke yammacin Urdun suka ji labari cewa mutanen Ra'ubainu da na Gad da rabin kabilar Manassa sun gina babban bagade. Suka ɗauka tawaye ne, suka taru a Shilo domin yaƙi. Labarin ba ƙarya ba ne, bagaden yana nan tsaye. Fassarar da aka yi masa ce kuskure. Kafin a zare takobi sai suka aiki Finehas da shugabanni 10 su je su tambaya, aka kuwa tarar an gina shi ne domin shaida cewa su duka jama'a ɗaya ce. Tafiya ɗaya da tambaya ɗaya suka hana 'yan'uwa kashe juna. Gani ya kori ji.

Don haka muna roƙon kowane ɗan ikkilisiya abu uku. In labari ya zo maka, tambayi mai kawo shi: kai ka gani, ko wa ya gani? "An ce" ba ta da fuska, ba ta da gida, ba a iya kiranta gaban dattawa. Sai kuma ka raba abin da ya faru da ma'anar da aka ba shi. Baƙi sun sauka a tasha, wannan abin da ya faru ne. Sun zo kawo hari, wannan fassara ce. Na uku, in maganar ta shafi tsaro, ka tattara iyalinka wuri ɗaya, ka kai ta wurin fasto ko dattijon da zai iya tuntuɓar mai unguwa da jami'an tsaro, maimakon ka watsa ta ga kowace lamba da ke wayarka. In kuwa ta shafi sunan ɗan'uwa, ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai.

Mu shugabanni kuma, nauyinmu ya fi girma. Ba mu da ikon rage muhimmancin kuɗin baiko ko tsaron jama'a a zuciyar mutane, amma muna da ikon rage duhu. A karanta rahoton kuɗi a kan lokaci. In an sauya wa mai bishara wurin aiki, a faɗi dalilin da za a iya faɗa. In gari ya ɗauki zafi, a sa mutum biyu ko uku sanannu waɗanda jama'a za su tambaya, su kuma faɗi abin da suka tabbatar kaɗai. Duk inda dattawa suka yi shiru, wani zai yi magana a madadinsu, ba kuwa lalle ya faɗi daidai ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin mu zare ta, mu tuna cewa a ƙarshen kowace "an ce" akwai mutum mai suna da iyali. Ubangiji ya ba mu kunne mai haƙuri da harshe mai tsaro. Amin.