Bayan saki, wa ke riƙe yaro a Nijar?

Nijar ba ta da kundin dokar iyali, don haka alƙali kan yanke hukuncin riƙon yara bisa al'adar ma'aurata. A ƙasar Hausa, uwa kan riƙe yaro har shekara 7, sannan uba ya karɓa. Amma mazhabar Malikiyya ta ba uwa riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, tana fifita maslahar yaro.

Rigima ta fi tsanani idan uban yana ci-rani a Libiya ko Aljeriya: yaron da aka raba da uwarsa kan ƙare hannun kaka ko kishiyar uwa. Wannan hujja ce da uwa za ta iya gabatar wa kotu.